Ranar da Inna Ta Je Ganin Ruwa

Shekarar da aka tafka ruwan nan a Makka, muna zaune a wani lungu na unguwar Mansur, ni da maigidana da mahaifiyata da 'yata mai shekara uku. Maigida haifaffen nan ne, takardunsa tsaf, ni ma ta dalilinsa na samu iƙama, wato takardar izinin zama. Inna kuwa ko fallen takarda ba ta da shi. A ƙasa ta zo daga wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Haɗeja, goye da ni, ta yi aikin hajji ta zauna. Shekara ashirin da ɗoriya tana sayar da soyayyar gyaɗa a bakin titi, da ta hango kakin askar, wato 'yan sandan garin, sai ta suri farantinta ta faɗa lungu. Wanda aka kama ba takarda, Jidda ake kai shi a sa shi a jirgin ruwa, kuma shi ke nan.

Bayan ruwan da kwana uku, wani abokin maigida mai a-kori-kura ya zo da labarin cewa can wajen Wadi Fatima ruwa ya kwanta a wani kwari, ya zama tafki sosai. Nan take suka shirya gela, wato yinin shan iska a bayan gari irin na mutanen Makka, a dafa shinkafa a ci a yi barcin rana. Inna tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Da ni za a."

Na ce, "Haba Inna! Fitar ba wuya, dawowar fa? Kin manta da shingen askarawa a bakin gari?"

Ta ce, "Ke, tafi can. Tun da na zo garin nan ruwan garwa nake gani. Ina so in ga wanda ba a awo ba."

Na yi faɗa, na yi magiya, har da kukana. Matar nan in ta kafe, ko ni da na gado taurin kanta ba na iya mata.

Wurin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ruwa shimfiɗe tsakanin duwatsu, jaja-jaja da laka, ga 'yan itatuwan ƙaya masu inuwa, ga ciyawa har ta fara tsirowa. Muka shimfiɗa tabarma ɗaya, na haɗa murhu na ɗora nama. Mazan suka naɗe ƙafar wando suka shiga suna ihu kamar yara. Ni kuwa idona yana kan hanya, ko kurciya ce ta tashi sai in zabura.

Inna ta zauna a kan wani dutse tana kallon ruwan, ta cire takalmi ta ajiye a gefe. Na ce ta je ta tsoma ƙafa mana, tunda shi ya kawo ta. Ta harare ni. "A gaban surukina zan ɗage zani? Ba ki da hankali. Bari su ci su kwanta tukuna." Ta ce a garinsu in kogi ya kawo, mata sukan shiga har ƙugu suna tsinko bado. Rabon da in ji ta ambaci garinsu har na manta.

Ina cikin tsame shinkafa na hango ƙura. Wata mota ce mai ruwan ƙasa take gangarowa, da mutum biyu cikin kaki. Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Na fizgi hannun Inna na zagaya da ita bayan a-kori-kurar, na tura ta ciki, na ce ta kwanta. Na jawo ragowar tabarmi da buhun gawayi na lulluɓe ta. Motar a rana take tun safe, ƙarfen ya ɗau zafi har ya ƙona min tafin hannu.

Askarawan suka sauko suka yi sallama. Ba su tambayi takardar kowa ba. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya ce an ga hadari a kan duwatsun gabas, kada mu kai la'asar a cikin kwarin, don ruwa yakan sauko ba sallama. Har sun juya za su tafi, sai maigidana, Allah Ya ji ƙansa, ya dubi farantin shinkafa ya ce, "Tafaddalu." A garin nan ba a barin mutum ya ga abinci ya wuce ba a yi masa tayi ba, kuma kowa ya san amsar ita ce Allah Ya yi albarka, a wuce. Su kuwa sai suka tuɓe takalma suka zauna.

Na ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Suka ci, suka ƙara, suna ta hira da Larabci a kan wanda ya san kawun wane. Ni ina tsugune bakin murhu ina hura wutar shayi, ina satar kallon motar. Tabarmin ba su motsa ba. Da farko na gode Allah, daga baya rashin motsin ya fi komai tayar min da hankali. Mace mai shekara kusan sittin, a kan ƙarfe, da tsakar rana! Sai ga 'yata ta nufi motar tana kiran "Kaka, Kaka." Na cafko ta na ɗana mata mintsini a cinya, ta callara ƙara, na ce kunama ta gani. Har yau ina jin kunyar mintsinin nan.

Aka sha shayi zagaye na farko, aka sha na biyu. Na uku na zuba shi ko tafasa bai gama ba. Da suka miƙe, na ce a raina to Alhamdu lillahi, yanzu zan fito da Inna ta sha ruwa, ta je ta tsoma ƙafarta ko da surukinta zai gani. Sai mai furfurar ya kalli sama ya ce hadarin ya matso, mu tattara yanzu, za su raka mu har gari.

Haka muka loda kaya suna tsaye. Na hau baya na zauna a gefenta, na zura hannu ƙarƙashin tabarma. Ta kama yatsana ta matse, sai a lokacin na san tana da rai. Motarsu tana gaba, tamu tana biye, a bakin shinge aka ɗaga mana hannu ko tsayawa ba mu yi ba. Maigida da abokinsa suna ta dariya a gaba wai yau sun ga sa'a.

A gida na cire mata riga. Kafaɗarta da gefen cinyarta duk sun tashi sun yi ruwa. Na kwantar da ita rub da ciki ina shafa mata man zaitun, ina jira ta zage ni, don da ta zage ni da na ji sauƙi. Fuskarta tana jikin bango. Can ta ce, "'Yar nan, ruwan da sanyi?"

Ni ma ko yatsa ban sa a ciki ba, yinin nan kaf hanya nake gadi. Na ce, "Da sanyi, Inna."

Ta ce, "Haka yake. Na bakin gaɓa ɗumi gare shi, sai kin shiga ciki."