Makarantar da ta cinye shekarar ɗiyata

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Talladje ina sayar da gero da wake a kasuwar Katako, na tafka wani shirme da har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina. Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin yaƙi da jahilci, in na tashi daga kasuwa da la'asar sai in je in zauna kan benci. Cikin shekara biyu na iya rubuta sunana, na iya karanta allon kanti, na tsinci Faransanci cikin cokali. To sai kaina ya kumbura. Ko kwalin sabulu na gani sai na karanta shi da ƙarfi don maƙwabta su ji.

A shekarar ne ɗiyata ta kai ajin ƙarshe na kwaleji, inda ake zana jarrabawar da muke ce wa birebe. Yarinya ce mai kai, amma makarantar gwamnatin da take yajin aiki ya hana su sakat, yau malamai, gobe ɗalibai. Na ce wa mijina zan mai da ta makarantar kuɗi. Shi direban taksi ne, ba ya son dogon zance. Ya ce, "Ai ke ce malamar gidan yanzu. Ki zaɓa." Da ba'a ya faɗa, ni kuwa na ɗauka sarauta ya naɗa min.

Na zaɓi wata a wajen Yantala, don me? Don fenti. Bango shuɗi tas, allo ƙato da rubutun da na iya karantawa, mai gadi da kaki. Mai makarantar ya karɓe ni a ofis mai sanyi, ya sa aka kawo min ruwan kwalba. Ya ce in na biya kuɗin shekara gaba ɗaya a ranar, har da kuɗin shigar da takardun jarrabawa, zai yafe min kashi ɗaya cikin uku.

Ku ji fa. A Katako, in mutum ya zo ya ce in ba shi kuɗi yau, gero yana hanya, kuma ya karya farashi haka, ba na ko ɗaga kai. Na san wuta ce ke cin bayansa. Shekara ashirin ina gane irinsu tun daga tafiyarsu. Amma wannan yana da taye a wuya. Sakatariyarsa ta kawo takarda da ɗan akwatin tawadar dangwale, sai ya ture shi ya ce, "Haba, ɗauke wannan. Hajiya ba 'yar dangwale ba ce, ki ba ta biro." Wallahi ji na yi kamar an ɗora ni kan doki. Na zauna na zana sunana a hankali, harafi bayan harafi, ina kallonsa ina jin daɗi. Na ba da kuɗi, na ba da takardar haihuwar yarinya ta asali, na fito ina taku ɗai-ɗai.

Kafin wata uku malamin lissafinsu ya canza sau uku. Sai aka ce kowane yaro ya riƙa zuwa da ruwansa a gora, wai famfo ya lalace. Wata rana na je ɗaukar ta, na tsaya wurin wata tsohuwa Bazabarma da ke sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Ke ba a Katako nake ganinki ba?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"To ɗiyata, buɗe idonki. Malaman nan wata uku suna cin koptona da sai-an-biya-mu. Na daina ba su. Famfon ma ba lalacewa ya yi ba, yanke shi aka yi. Mai gidan ya zo sau biyu, ana jin muryarsa daga nan."

Na ce, "Wane mai gida?"

Ta yi dariya. "Au, kina tsammani gininsa ne? Haya yake, baiwar Allah."

Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Inna, ki tsaya kan zogalenki, harkar lakwal da karatun boko ba taki ba ce." Ni, da shekara biyu kafin nan ko sunana ban sani a takarda ba. Ta ci gaba da korar ƙuda.

Duk da haka maganar ta tsaya min, na shiga wurin mai makarantar. Da Hausa na tambaye shi: ana biyan malamai? An kai takardun yaranmu? Hausa yake ji kamar ni, amma sai ya kwararo min Faransanci, dogo, mai santsi, yana juya biro. Kalma uku na kama. Da ya gama ya ce, "Ke ai kin gane, Hajiya. Ba kamar sauran iyayen da sai an yi ta fama ba." A bakina akwai tambaya guda: nuna min shaidar cewa an karɓi takardun. Na haɗiye ta. Na gyaɗa kai na ce, "Wi, wi." Na gwammace ɗiyata ta shiga haɗari da a ce ban ji Faransanci ba. Haka abin yake, ba zan shafa masa mai ba.

Ranar Litinin ɗin da aka koma daga hutun zango na biyu, ban gama shimfiɗa buhuna ba sai ga ɗiyata tsaye a gabana da jakarta. Ta ce, "Inna, an sa wa ƙofar makaranta kwaɗo."

Muka hau taksi. A ƙofar makarantar iyaye sun yi cirko-cirko, malamai ma suna waje tare da mu, wani yana rantsuwa wata biyar bai ga ko dala ba. Wayar mai makarantar a kashe. Wakilin mai gida ya ce ko benci ɗaya ba zai fita ba sai an biya haya. Na yi masifa har muryata ta dishe, amma wa nake yi wa? Ƙofar ƙarfe.

Washegari na je ofishin masu kula da jarrabawa. Wani dattijo mai tabarau ya bi jerin sunaye da yatsa, ya sake bi. Babu ɗiyata, babu ko ɗaya daga ajinsu. Ba a taɓa kai takardun ba, kuma an rufe karɓa tun watannin baya. Na ce na biya, ina da takarda. Na fito da wadda na sa wa hannu na miƙa masa da ƙarfina. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, wannan cewa ta yi kin yarda ba za a mayar miki da kuɗi ba ko me ya faru. Ba ki karanta ba?"

Na karanta. Kowane harafi na furta shi a ranar. Ashe furta baƙi daban, sanin abin da ya ce daban.

Takardar haihuwarta sai bayan mako shida muka tono ta cikin wani kwali da aka jefo waje. Jarrabawa ta zo ta wuce tana gida tana taya ni auna wake. Ranar da aka kira sakamako ta yi wanka ta tafi tsohuwar makarantarta, ta tsaya cikin rana ta ji an kira ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na ce yajin aiki zai kashe su. Ta dawo ta ce min, "Inna, wance ta ci, wance ma ta ci," ta ɗauki tsintsiya.

Ta maimaita ajin, ta ci a shekara ta gaba, yanzu tana aikinta tana da 'ya'ya. Mutumin kuwa na ji ya buɗe wata a wata unguwa da sabon suna. Ba a kama shi ba, ba a tambaye shi ba.

Ku masu kai yara makarantar kuɗi, makaranta kanti ce, tana karyewa kamar kowane kanti. Ku tambayi ginin na wa ne. Ku tambayi malami a gefe yaushe rabonsa da albashi. Wanda ya matsa a biya shekara gaba ɗaya da rangwame, ku ji tsoronsa. In an ce an kai takardu, ku ce a nuna. In aka yi muku yaren da ba ku ji, ku ce a maimaita da Hausa, ba a mutuwa don wannan.

Shi ɓarawo ne, na san inda zan ajiye shi a raina. Abin da na rasa inda zan ajiye shi ne yarinyar nan. Shekara guda aka cire daga rayuwarta saboda girman kaina, kuma har yau ba ta taɓa buɗe baki ta ce min ke kika jawo ba. Na sha tsokano zancen don ta faɗa. Sai ta ce, "Inna, ya wuce." Da ta zage ni sau ɗaya, da na huta.