Kwamfutata a Shagon Yaya

Sana'ata ɗaura tayil. A Kurudu nake zaune, inda kullum ake tayar da sabbin gidaje, kuma duk wanda na yi wa aiki ya san ba na aza tayil ko ɗaya sai na ja igiya na gwada kwana. Haka na haɗa kwamfutata, haka kuma zan ba da labarinta, daga abin da ya fara zuwa abin da ya biyo baya.

Abin da ya fara shi ne wasan. A wani gida da na yi aiki, mai gidan yana da kwamfuta a falo, yana wasan tuƙin babbar mota. Ba harbi, ba faɗa. Ka ɗauki kaya a wannan gari ka kai wancan. Ka sa sigina kafin ka juya, ka tsaya idan danja ta nuna ja, kowa yana kan layinsa. Ni da nake shan cunkoson Karu safe da yamma, ɗan acaba ta hagu, mai bas ta dama, sai na tsaya ina kallo har siminti ya fara bushewa a bokiti. Ban taɓa barin siminti ya bushe ba kafin ranar.

Mai gidan ya ce haɗaɗɗiya ta fi ƙarfina, amma ana sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya a haɗa a gida. Wannan ya yi mini. Ya kwatanta mini shagon wani mutumin Filato a kasuwar kayan kwamfuta cikin gari.

"Oga tayila," in ji mai shagon, "aiki kana so ka yi da shi, ko wasa?"

"Wasa."

"Yauwa, ka faɗi gaskiya. Wasu za su ce aiki, in ba su abin aiki, gobe su dawo suna zagi na."

Ya ce mai ƙaramin ƙarfi ba ya raba kuɗinsa daidai wa daida, sai ya zuba mafi yawa a kan katin hoto, domin shi ne ke zana hanyar da ruwan saman da madubin motar. Saboda haka katin na fara saya, tokumbo, wato na hannu, mai fanka biyu. Ban biya ba sai da na sa ya kunna shi a gabana ya yi aiki har ya ɗauki zafi. Na naɗe shi a tsohon zanen matata na sa a saman wadirob, ya yi damina guda a can yana jiran 'yan'uwansa. A wannan damina ban canza wayata mai fasasshen gilashi ba, ban ɗinka kayan Sallah ba, tuwon rana ma babu nama nake cinsa.

Bayan katin sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Akwai mai araha wadda ba ta nuna hoto sai da kati, akwai mai ɗan tsada wadda take nunawa ita kaɗai. Na ɗauki mai ɗan tsadar, don ko katin ya samu matsala wata rana, injin ba zai makance ba. Sai allon da ake dasa komai a kansa, sai ram guda biyu, masu riƙe wa injin abin da yake yi a lokacin. A wajen fawa, abin da ke raba wa kayan wuta, ban nemi sauƙi ba, domin na san wutar Kurudu: ta tafi ba sallama, ta dawo da fushi.

A wajen akwatin ne na tsuke hannu. Akwai masu gilashi da fitilu kala-kala. Ni na ɗauki tsohon akwatin ofis, ruwan toka, mai lotsawa a gefe. Akwati ba ya tuƙa mota.

Mai shagon ya yi ta dariya. "Oga, ka sa injin tirela a jikin akori-kura!"

Wata Lahadi da hantsi na shimfiɗa tabarma, na jera kayan, na zuba ƙusoshi a faranti, na haɗa su bi da bi yadda mai shagon ya nuna mini. Da na danna maɓalli fankoki suka juya. Daga baya na samu tsohon sitiyarin wasa na ɗaure a bakin tebur. Na kafa wa kaina doka: ranar Lahadi kawai, idan an kawo wuta, in kai kaya gari ɗaya, in kashe, in rufe da ƙyalle. Ban taɓa karya ta ba. Ban ci haƙƙin aiki ba, ban ci haƙƙin gida ba.

Sai yayana ya zo. A Zuba yake zaune tare da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Ya gwada sayar da lemo a kasuwa bai daɗe ba, ya gwada mota ita ma haka, a lokacin yana shirin buɗe shagon buga takardu kusa da tasha. Ya ɗaga ƙyallen da hannunsa.

"Kai, ashe kwamfutar ofis gare ka a ajiye tana shan ƙura?"

"Ba ta ofis ba ce, Yaya. Ta wasa ce."

"Wasa? Da gemunka da 'ya'yanka?"

Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa da na ce a'a cikin ladabi, na kawo dalilaina. Ya san haka, shi ya sa ya bi ta wajen Inna. A gidanmu abin da ya bi ta bakin Inna ya gama tafiya.

Ta kira ni Zuba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan'uwanka abinci zai nema da ita," ta ce, "kai kuwa wasa kake yi. Aro ne, kafin ya tsaya da ƙafarsa."

"Inna, kayan da ke cikinta ba na buga takarda ba ne."

"Ba ta iya buga takardar ba?"

"Ta iya."

"To shi ke nan."

Ni na kai ta da kaina, a kan cinyata a cikin mota, tare da allon kallonta. Na gindaya wa Yaya sharuɗɗa a gaban Inna: kada a buɗe ta, kada a jona ta da janareto kai tsaye, kuma a dawo mini da ita bayan babbar Sallah.

"An ji, injiniya," in ji shi.

Bayan Sallah shiru. Na jira, sannan na tafi. Tun daga bakin ƙofar shagon na ji ba daidai ba, domin na san kukan injina, wannan kuwa ya yi sanyi. Na leƙa bayan akwatin, na ga wayar allon kallo ta bar ramin katin ta koma ramin sama, wajen katin kuma an liƙe shi da salatif. Na ciro sukudireba na buɗe gefen. Ba kati.

"Au, wannan abin mai fankoki?" in ji Yaya, yana lissafa wa wata mata takardunta. "Mai gyara ya ce shi ke sa janareto tari. Ya cire, ka ga tana aiki lafiya lau ba shi. Ya karɓa ya ba mu firinta mai kala. Kai, dubi riba!"

Tana aiki babu katin ne saboda furosesar da na ƙara wa kuɗi. Tsohon akwatin ya sa Yaya ya ga kayan ofis, tanadina kuma ya sa aka zare katin ba wanda ya ji a jikinsa.

"Yaya, na ce kada a buɗe ta."

"Ai ba ni na buɗe ba. Haba ƙanena, a kan fanka za ka ɓata rai? Daga yau duk takardar da kake so, kyauta ce gare ka. Har mai kala."

Na nemi mai gyaran, ya ce katin ya daɗe da tafiya. Na koma wajen mutumin Filato. Ya girgiza kai, ya ce dala ta hau, irinsa yanzu sai dai in kalla a gilashi. Bai yi dariya ba wannan karon.

Na je wajen Inna da niyyar in faɗi maganata a jere. Kafin in buɗe baki ta kama hannuna, ta ce shagon yana kawo cefane, ta ce Allah ya yi mini albarka da na rufa wa ɗan'uwana asiri. Na ce amin. Ba a kai ƙara a kan albarka.

Aron yana nan har yau, ba wanda ya ƙara ambatonsa. Sitiyarin ya daɗe a bakin teburina, wayarsa tana lilo. Wata Lahadi matata ta tambaya a hankali ko za a iya cire shi, tana son wurin ajiye kuloli. An kawo wuta a ranar tun safe. Na kwance shi, na naɗe a cikin zanen nan, na mayar saman wadirob.