Ranar da Fairuz Ya Koma Kore

Mai Zobe ya tsufa a rumfa ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da tela, yana ɗora duwatsu a kan azurfa. Duk cikinsu babu wanda yake so kamar fairuz, shuɗin nan mai baƙaƙen jijiyoyi. Yakan ce a busasshiyar ƙasa ake haƙo shi, inda ɗan ruwa ya ratsa dutse mai tagulla.

Masu saye kuwa wani zance yake yi musu: wai in zuciyar mai sanye da fairuz ta juya ga wani, sai dutsen ya koma kore. Shi kansa ya san maiƙo dutsen ke sha, sabulu da turare ma suna canza shi. Amma zancen yana sayar da zobe.

Aibinsa ɗaya, kishi. Matarsa har ta yi jikoki, amma in tela ya gaishe ta da fara'a, sai Mai Zobe ya wuni yana huci.

Wata rana tana miƙo masa abinci a rumfa, ya ga fairuz ɗin zoben da ya ƙera mata tun tana amarya ya yi kore. Sanin shekara da shekaru ya bi ruwa, tatsuniyar da yake sayarwa ta kama shi. Ya daina amsa gaisuwar tela, a gida kuma magana sai da ƙyar.

Da safe ta zauna a gabansa. "Malam, me na yi maka ne?"

"Zobenki za ki tambaya."

"Yanzu har zobe ya fara kai ƙara? To, miƙo ƙafar, ka ƙarasa faɗan daga baya."

Ta buɗe kwalbar man zafi, kamar yadda take yi kullum tun da gwiwarsa ta fara ciwo bara. Tana murzawa, yana kallon man yana bin yatsanta, yana shigewa ƙarƙashin dutsen. Kunya ta rufe shi.

"Ki riƙa cire shi in za ki shafa," ya ce a hankali.

"Tun ranar da ka sa mini ban taɓa cirewa ba. Sai yau da tsufana?"

Da ya isa rumfa ya amsa gaisuwar tela, amma ciki-ciki.