Farantin Madam Selvi

Zenaba 'yar Damagaram ce, irin matan nan da in suka ce za su yi abu, gara ka adana yawunka. A shekarar 2003 ta biyo mijinta Malam Daouda, direban motar kaya, suka tare a wani dogon bene a La Courneuve, a gefen birnin Paris. Da asuba ta tafi sharar ofisoshi, in ta dawo sai madafa.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Madam Selvi ce, wata dattijuwa Ba'indiya daga Pondichéry, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Kumaran. Indiyawan da Zenaba ta sani na silima ne, masu rawa cikin ruwan sama. Wannan kuwa ko matakala ba ta hawa sai ta dafa guiwa. Ranar bikinsu na fitilu, wanda suke kira Dipawali, Selvi ta ƙwanƙwasa ƙofa ta miƙo wani farantin ƙarfe mai zanen ganye a gefe, cike da laddu, wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar dakuwa, na garin wake da man shanu da sukari. Malam Daouda ya ci har ya manta da tuwo.

A Damagaram ba a mayar da kwano wayam, ashe a garin su Selvi ma haka abin yake. Zenaba ta cika farantin da dubulan ta mayar. Da ƙaramar Sallah ya dawo, da babbar Sallah ya koma. Faransancinsu duk gurgu ne, amma a haka Selvi ta koya mata laddu, tana marin bayan hannunta in wuta ta yi yawa. Farantin ya yi shekaru yana tsallaka baranda, har aka manta asalinsa na wa ne.

A 2011 ciwon sukari ya kayar da Selvi. Kumaran, wanda ya zama ma'aikacin farmasi a can birnin Lyon, ya zo ya tattara ta ya tafi da ita. Cikin hayaniyar kwashe kaya ba wanda ya tuna da faranti. Yana hannun Zenaba, kuma ita ce da zubi.

Abin ya tsaya mata a rai. In ta kira waya, muryar Selvi kamar daga cikin rijiya. Kumaran ya ce uwarsa ba ta shiga madafa, tana zaune bakin taga kawai, ko fitilun biki ta ce kada a kunna, tunda bakinta ba zai taɓa zaƙi ba.

"Tanti, in za ki zo ki zo," in ji shi, "amma don Allah ban da sukari."

Zenaba ta yi dariya a ranta. Wannan ai mai sauƙi ne. Ta sa aka kawo mata zuma daga gida, ta daji, mai duhu, ta kwaɓa laddu da ita ba tare da ko ƙwayar sukari ba. Tun tana yarinya ta san zuma magani ce, ba ta taɓa jin an ce ta cutar da kowa ba. Ta ɗaure faranti da ɗankwali, ta shiga jirgin ƙasa tana jin kanta kamar likita.

Kumaran ya ɗanɗana, sannan ya ce mata cikin ladabi jinin mai ciwon sukari bai san bambancin zuma da sukari ba. Ta yi gardama, ta kawo kakarta, ta kawo malamai. Ya saurara har ta gama, bai canza magana ba. Selvi tana kallon farantin daga kujerarta, kuma wannan kallon ne ya fi yi wa Zenaba ciwo.

"Ki bar shi nan, za mu ba maƙwabta," in ji Kumaran.

"Su ci laddun," ta ce, "amma farantin bai iso ba tukuna."

Ta wanke shi, ta mayar cikin ɗankwali, ta koma Paris da shi. Ta ji kunya ƙwarai, kuma ta ji haushin kanta fiye da na yaron, don ta san gaskiya ya faɗa.

Shekarar da ta biyo baya madafar Zenaba ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ta je wurin Clarisse, ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa, ta zauna ta yi ta tambaya kamar 'yar makaranta: dabino fa? gyaɗa fa? aya fa? Clarisse ta ce dabino ma zaƙi ne, sai dai kaɗan, a cikin abin da ke da dusa, kuma dunƙulen kada ya yi girma. Zenaba ta gwada da garin sukarin nan na masu ciwo, ya fito da ɗaci a ƙarshen harshe. Ta rage man shanu, laddu ya ruguje a hannu kamar ƙasa. Malam Daouda ne mai ɗanɗano, bawan Allah.

"Ke, ni fa lafiyata ƙalau," ya ce wata rana yana neman ruwa. "Me na yi miki?"

"Malam, haɗiye ka faɗa mini gaskiya."

Hanya ta buɗe ranar da take soya gero don fura, ƙamshin ya bugi hancinta. Ta ajiye garin wake gefe. Ta niƙa soyayyen gero, ta daka riɗi har ya fid da mansa, shi ya kama dunƙulen ba sai an malala man shanu ba. Ta sa dabino kaɗan, ta sa kayan ƙamshin nan kardamom yadda Selvi ta koya mata, ta mulmula su ƙanana kamar goro. Malam Daouda ya ci ɗaya, ya miƙa hannu zai ƙara, ta mari bayan hannun.

Ana gobe Dipawali ta sake shiga jirgi. Wannan karon ita da kanta ta lissafa wa Kumaran abin da ke ciki. Ya ce ɗaya ya isa, bayan abinci, kuma zai auna jini daga baya. Ta ce ya auna sau goma in ya ga dama.

Selvi ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa. Sai ta faɗi wata kalma da harshensu, Kumaran ya ɗago kai. Ya ce sunan gero ne ta faɗa. Wai haka kakarta take yi a ƙauye, da gero da riɗi, tun kafin mutane su raina shi su ce abincin talaka ne. Zenaba ba ta san suna da gero ba ma. Tsofaffin biyu suka yi ta dariya, Selvi tana share ido da gefen zanenta na sari. Da aka auna jini, Kumaran ya duba na'urar, ya gyaɗa kai.

Da lokacin tafiya ya yi, ya wanke farantin ya kawo mata har ƙofa. Zenaba ta dube shi sama da ƙasa, ta karɓa, ta wuce shi, ta je ta aza shi a cinyar Selvi.

"Yaya, yanzu yana hannunki," ta ce. "Ƙaramar Sallah na nan tafe. Ki ɗan ji yadda na ji."

Tana ɗaura ɗankwalinta a bakin ƙofa ta ji kujera ta yi ƙara. Selvi ce ta dafa guiwa ta miƙe, faranti a hammata, ta nufi madafa tana tambayar ɗanta inda ake sayar da gero a Lyon.