Ranar da Halliru Ya Kira Sunan Malam Ado

Halliru ya danna maɓalli, rokar ba ta tashi ba.

Ƙaramar roka ce ta gwaji, ɗaure a jikin ƙarfe a filin jami'arsu da ke Bukit Jalil, can ƙasar Malayawa. Makamashinta daskararre ne, in ya kama wuta ba mai kashe shi sai ya cinye kansa. Shi ya sa doka ta ce in roka ta ƙi tashi, kowa ya zauna bayan katanga sai mai tsaro ya ba da izini, don wuta kan yi kwanton ɓauna a ciki. Ran nan Halliru ne mai tsaro.

Sai ga Malam Ado ya miƙe.

Malam Ado malamin kwalejin fasaha ne daga Kano, ya zo digiri na uku da furfura a gemu. Shi ya tarbi Halliru a filin jirgi, ya shimfiɗa masa katifa a falonsa na unguwar Wangsa Maju. Matarsa Murja kan tuƙa tuwon shinkafa duk Juma'a, ya tara gwauraye yana tsokana: "Ku ci, marasa galihu, mamak mai shagon abinci ba uwarku ba ce." 'Yarsa Afnan ta amsa gaisuwa da Malayanci, shi kuwa ya dafe kai yana salati. Halliru bai taɓa kiransa da komai ba sai Yaya.

"Wayar wuta ce ta saki," in ji Malam Ado. "Ga hadari ya haɗo."

"Yaya, da dai an ɗan ƙara jira," Halliru ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yadda aka koya masa magana da manya.

"To, shugaban tsaro. Yanzun nan lah," in ji shi da salon Malayawa, ya tsallake katanga ya nufi rokar.

Ya kusa isa sai Halliru ya hango siririn hayaƙi.

"Ado!"

Gatsal, ba Malam ba Yaya. Mamaki ya sa dattijon ya waiwayo, a daidai lokacin rokar ta kama. Wutar ta lashi gefen fuskarsa na dama.

A motar asibiti, fuska lulluɓe, sai da ya yi magana: "Kai, ni ka kira Ado? Sa'anka ne ni?"

Idon hagu ya tsira. Na dama yana naɗe. Halliru kan hau jirgin ƙasa zuwa asibiti kullum, da tuwon Murja a kula. Likitoci sun ce sai sun kwance bandejin za su san ko idon zai gani. Ba su kwance ba tukuna.