Ganye a Baki

Ni dai a makaranta ban tsinana komai ba, daga aji uku na ajiye biro na hau babur. Amma akwai yaren da na fi malamai iyawa, maganar hannu. Yayata ce ta koya min, da ranƙwashi.

Kurma ce. Kifi take soyawa a tasha, inda muke ɗaukar fasinjan Auyo, tarwaɗa da karfasa, kuma duk Haɗeja babu mai yaji irin nata. Ran nan wasu samari uku suka tsinko ganye, kowa ya sa a baki, suka jeru a gabanta suna tauna. Ga wanda bai sani ba, an ce wa kurma akuya ke nan. Ta watsa musu ruwan wankin kifi. Ɗaya ya hamɓare kaskon, mai ya zubo mata a ƙafa.

Ƙuna ta kama warkewa, fita ce ta gagara. Ta kife kasko a bayan ɗaki, ta nuna min da hannu: ita da tasha har abada.

Matan da suke suya tare da ita suka kai ƙara wurin mai unguwa, aka lallaɓo ta, ni ne tafinta. Babban cikin samarin ya durƙusa kamar na Allah.

"Ranka ya daɗe, wallahi ko uffan ba mu ce mata ba. Ita ta fara."

Mutane suka hau gyaɗa kai. Na ga maganar za ta mutu a nan. Sai na miƙa hannu na tsinki ganyen darbejiyar da muke ƙarƙashinta, na cusa a baki, na ƙura wa mai unguwa ido ina tauna.

"Kai, ɗan banza! Ni kake yi wa haka?"

"Ranka ya daɗe, ai ni ma ko uffan ban ce ba."

Can wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Mai unguwa ya ce in samarin suka ƙara, shi da kansa zai miƙa su ga hukuma. Kuma su ba ta haƙuri da yarenta, a tasha, gaban kowa. Ni na koya musu. Suka yi daidai tun farko, na dinga cewa saura kaɗan.

Da safe ta fito karɓar haƙuri, kasko a ka. Kafin ta hura wuta ta yafito ni, ta sakar min ranƙwashi saboda ganyen. Da kifi ya soyu kuma ta zaɓo min kan tarwaɗa, wai in kashe ɗacin darbejiya.