Kofin Farko

Mun tashi da asuba daga Zariya. Ana sallame sallah ƙanena ya saɓa jakata ya yi gaba, ni kuma na tsaya na ja ƙofar gida. Tun da na fita takaba ban yi tafiyar da ta wuce kasuwar Sabon Gari ba. Shi ya taso takanas daga Legas ya ce sai na bi shi na huta. Na ce masa ban gaji ba. Ya ce, "Yaya, ai zaman ne ya gajiyar da ke." Ban ƙara musu ba.

Bari in faɗi abin da na baro a gida, don a gane sauran labarin. Sana'ata haɗa abin sha ce: zoɓo, kunun aya, lemon citta, ruwan tsamiya. Da wuya a yi biki ko suna a unguwarmu ba a aiko mini ba. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Amma tun ina amarya muke da wata al'ada a gidanmu. In na gama haɗi, kofin farko na Malam ne, wato maigidana, Allah Ya jiƙansa. In kai masa zaure, ya kurɓa, ya yi shiru kamar alƙali, sannan ya ce "ƙara citta", ko "sukari ya isa", ko kuma ya ɗaga mini gira kawai. Da wasa aka fara, har ta kai ba na kai haɗina baki sai ya wuce ta wurinsa. Bayan rasuwarsa sau ɗaya na jiƙa zoɓo. Na tace, na zuba kofin farko, na tsaya da shi a tsakar gida. Daga ƙarshe maƙwabta na aika wa da tukunyar, ban ɗanɗana ba, ban kuma sake haɗawa ba. To ga babbar 'yata da tsohon ciki. Da ta zo yi mini sallama ta ce, "Inna, in na sauka lafiya zoɓonki za a sha ranar suna, ba na saye ba." Na ce Allah Ya raba lafiya. Ita ma ta san ba amsa na ba ta ba.

Daga Kaduna muka kama hanyar Birnin Gwari. Ramukan da ke wannan hanya sun isa a raɗa wa kowanne suna. Direbanmu ya san su ɗaya bayan ɗaya, yana kauce musu yana ba da tarihinsu. An ce sojoji sun koma bariki, amma shingayen kan hanya ba su bi su ba, launin kakin ne kawai ya canza. Wani dattijo da ke gabana ya ce mulkin farar hula bai iso wannan dajin ba tukuna, wataƙila shi ma tayarsa ce ta fashe a hanya.

A Mokwa muka yi azahar, muka ci sakwara da miyar agushi. Na ci kaɗan. A Jebba masu busasshen kifi suka yanyame motar, kuma kifin da araha ƙwarai, abin da za ka saye guda da shi a Zariya a nan tuli za a ba ka. Da muka hau gada na hango titin jirgin ƙasa. Malam tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya sha ba ni labarin wannan kogi. Ya fi yadda ya faɗa girma. Na dube shi har muka wuce.

Mun kwana a Ilori gidan wani abokin ƙanena, da safe muka ci gaba. Daga nan ƙasa ta koma kore shar, harshe ya juye, gaisuwa ta koma da durƙuso. Tsakanin Ogbomosho da Oyo tireloli ne jere kamar raƙuma. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne abarba. Tsibi-tsibi a bakin titi, ga ayaba, ga gwanda, ga kwakwa, kamar ba kuɗi ake sa wa a saya ba. Na kama kaina ina lissafin yadda za su zauna a cikin zoɓo, sai na kau da kai.

Ƙamshin burodi ne ya fara gaya mini mun shigo Agege. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai yarda ba: ka yi doguwar tafiya irin wannan, ka sauka ka tarar da mai shayi, mai tsire, mai goro, ladan yana kiran sallah, kowa yana Hausa. Sai dai Hausar tasu ta sha ruwan Legas. Ƙanena mahauci ne a babbar mayanka, matarsa kuwa haifaffiyar Agege ce. A magana ɗaya za ta fara da Hausa, ta ratsa ta Yarbanci, ta sauka a Turancin kasuwa, kuma duk a gane ta. Ta rungume ni ta yi kuka, sannan ta ce na rame, ta shiga kicin.

Kwanakin farko yawo suka yi ta yi da ni. Na shiga danfo, waɗannan ƙananan bas masu ruwan ɗorawa, inda kwandasta ke rataye a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni kamar mai faɗa. Okada kam na ce a kai kasuwa, babur ba da ni ba. An kai ni Obalende na sha shayin wani Banijare mai kiran sukari da sunan Faransanci. An kai ni bakin teku, na tsaya nesa da shi muka gaisa. Ƙanena ya sayi wayar hannu irin wadda ta fito kwanan nan, yana ji da ita kamar jaririya. Ba ya kiran kowa, sai dai ya bari ta yi ƙara sau ɗaya a can ya yi maza ya kashe. A bayan gidansu kuma kasuwa ce ake ci a kan titin jirgi. In jirgi ya taho a janye tire da kwanduna, in ya wuce a mayar. Da Malam ya ga wannan, da ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

Ranar Juma'a matar ƙanena ta ce ta rubuta sunayenmu a wani aji da ake yi ran Asabar a wani otal a Ikeja, inda ake koya wa mutane haɗa lemon 'ya'yan itatuwa irin na manyan otal, kowa da hannunsa. Na gane shiri ne suka ƙulla ita da mijinta. Na ce, "Irin wuraren nan ai da giya suke haɗawa." Ta ce, "Haba Yaya, na tambaya. Kuma in kika ga abin da bai yi miki ba, oya, mu kama danfo mu dawo." Na shirya.

Wurin wata rumfa ce a bayan otal ɗin, kusa da kwamin wanka. Mai koyarwar mutumin wajen Jos ne, Kirista, ya daɗe yana aiki a otal-otal na Legas, kowa Oga yake ce masa. Kafin in zauna na yi masa tambayata ƙarara. Ya amsa da Hausa mai kyau, "Mama, teburinku daban ne. Wuƙa, kofuna, gwangwanin girgizawa, duk babu wanda ya taɓa ganin giya. Na zauna da Hausawa, na san abin." Na duba da idona na ga haka ne. A teburin namu akwai wasu 'yan mata Yarbawa biyu masu niyyar buɗe shago, sai mu.

Abin da ya fara koya mana shi ne awo. Ni da na saba da "zuba har ya yi", sai ga ɗan ƙoƙon ƙarfe kamar murfin kwalba, wai da shi za a auna komai. Ya ce kowane haɗi ƙafa uku gare shi kamar murhu: zaƙi, tsami da sanyi, in ɗaya ta gajarta tukunya ta kife. Wannan na yarda da shi nan take, don abin da na daɗe ina yi ne ban taɓa jin an faɗe shi ba. Ya nuna mana yadda ake murza lemon tsami a kan tebur kafin a yanka don ya saki ruwa, da yadda ake mari ganyen na'a-na'a a tafin hannu maimakon a daka shi. Ya ce ƙanƙara ma kayan haɗi ce, in ta narke ta zama ruwan da ba ka gayyata ba. Ana cikin markaɗa mangwaro aka ɗauke wuta. Babu wanda ya ko ɗaga kai, aka jira janareto.

Girgiza gwangwani bai ba ni wuya ba, kamar kaɗa nono a gora ne. Matar ƙanena ce ba ta danne murfin nata ba, ta yi wa kanta wanka da abarba da madarar kwakwa tun daga ɗankwali. 'Yan matan nan suka yi ta dariya. Ni ma na yi, na kuma ji muryar dariyar tawa ta zame mini baƙuwa.

Nawa kuskuren yana tafe. Oga ya sa muka cika dogon kofin gilashi da ruwan lemon zaƙi da abarba, sannan muka tsiyaya wani jan ruwa mai kauri a hankali ta bayan cokali. Jan ya nutse ƙasa, ya yi ta hawa yana gauraya kaɗan-kaɗan kamar sararin sama gab da magariba. Na ga ya yi kyau. Sai na ɗauki cokali na dama shi tas. Oga ya dafe kai. "Mama! Kin kashe mini rana!" Na ce, "Oga, mu a wurinmu abin da ba a dama ba ai ba a gama shi ba." Ya ce wannan ba fura ba ce, ido ne ke fara sha kafin baki. Na sake wani, na riƙe hannuna da ƙyar.

Can wajen la'asar ya ce yanzu kowa ya haɗa nasa da abin da ransa ke so. "Doka ɗaya ce," in ji shi. "Kada wanda ya kawo mini kofi sai ya ɗanɗana da bakinsa. Harshena nawa ne, ba zan bi ku gida da shi ba."

Na ɗauki abarba, ruwan kwakwa, lemon tsami da ɗanyar citta. Hannuna bai yi gardama ba, ya san hanyarsa. Na auna, na girgiza, na tace, na zuba kaɗan a ƙaramin kofi. Ban san lokacin da na juya na miƙa shi gefena ba. Babu kowa a wurin sai wata tukunyar fure.

Matar ƙanena ta gani. Ta san al'adar gidanmu, ta sha ganin ina kai kofi zaure. Ta matso a hankali ta ce, "Yaya, kawo in ɗanɗana miki, ba wanda zai sani." Ta miƙo hannu. Saura kaɗan in ba ta. Amma na tuna ita a Agege take, suna kuwa a Zariya za a yi.

Na ce, "Bari."

Na yi bisimilla na kurɓa. Na juya shi a baki. Zaƙin ya zauna, tsamin ya zauna, amma can ƙarshen harshe akwai wurin da babu kowa. Na san abin da ya rage tun kafin in haɗiye. Citta ce. Duk shekarun da na yi ina kallon fuskar Malam in ya kurɓa, ashe karatu nake yi ban sani ba. Na goga citta na ƙara, na sake kurɓa. Ya yi. Na share idona da bakin mayafi na kai wa Oga. Ya sha ya ce, "Ƙanƙara ta ɗan yi yawa. Ban da wannan, ba ni da abin cewa." Na sake ɗanɗanawa na ga gaskiyarsa.

Na dawo Zariya da buhun abarba, da kwakwa, da burodin Agege na tsaraba, da ɗan ƙoƙon awon nan a ƙulle a bakin zane. Ban daɗe da dawowa ba 'yata ta sauka, namiji. Aka mayar masa da sunan Malam. Sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba ba zan fara yanzu ba, don haka Maigida nake ce masa.

Ranar suna na dafa zoɓo mai kauri, na markaɗa abarba, na jera kofunan gilashi na zuba abarbar, na tsiyaya zoɓon ta bayan cokali yadda aka koya mini. Mata suka yi ta sallallami don kyau. Ba a jima ba na ji gwaggon jaririn tana cewa a miƙo mata cokali, wai an manta ba a dama ba. Ban hana ta ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Hutu ba zama ba ne. Ilimi ba ya tambayar garinku ko addininku. Kuma wanda ka daɗe da shi ba ya tafiya da komai, akwai abin da yake bar maka a jikinka, sai ranar da ka nema ka same shi.

Kofin farko kuwa, kafin a fita da komai na ɗauke shi na shiga ɗakin mai jego. Yaron yana barci, ya dunƙule hannu. Na kurɓa a gabansa na ce, "Maigida, wannan kofin naka ne, amma ko haƙori ba ka da shi. Na riƙe maka aikin har ka girma."

'Yata ta ce, "Inna, ya yi?"

Na ce, "Ya yi. A kai wa mutane."